Tambaya da Amsa: Wace Kyauta Za a Ba Mai Tara 'Yan Sojojin Wasan Yaƙin Tebur?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan abu guda: aboki yana tara 'yan ƙananan sojojin roba ko na ƙarfe, yana haɗa su, yana yi musu fenti, yana jera su a tebur a buga wasan yaƙi da ƙwayar lido da tef ɗin awo, ana kuma son a yi masa kyautar da za ta shiga ransa.

Tambaya: Ina karatu a Ingila. Akwai wani abokina ɗan ƙasar da ya taimaka mini ƙwarai tun zuwana, kuma ranar haihuwarsa ta kusa. Ɗakinsa cike yake da waɗannan 'yan sojoji. Na shiga shagon da ake sayar da su, na ga kwalaye sun fi ɗari, kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka yi daidai da ka fito ba ka ɗauki komai ba. Kwalin sojoji shi ne abin da ya fi jan ido a shagon, shi ne kuma ya fi saurin zama asarar kuɗi. Ga wanda bai san harkar ba duk sojojin ɗaya ne, amma a wurin abokinka sun rabu ta fuska huɗu, kuma ko ɗaya aka kuskure kwalin zai ƙare a saman kabad.

Na farko, wane wasa yake bugawa? Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fito a 1987. Kamfanin yana da wani kuma, Age of Sigmar, na 2015. Yawancin sojojin wannan ba sa shiga wancan, ko da yake a kanta ɗaya ake jera su. Akwai kuma masu bin tarihi: Bolt Action na Warlord Games a kan Yaƙin Duniya na Biyu yake, haka ma Flames of War na wani kamfani a New Zealand.

Na biyu, girma. Ana auna sojan ne da milimita. Bolt Action na milimita 28 ne, wato kusan kashi 1 cikin 56 na girman mutum, Flames of War kuwa 15 ne, kusan 1 cikin 100. Yaƙi ɗaya, kaki ɗaya, amma in ka tsayar da su kusa da juna sai ka ga uba da ɗan yaye. Tankar da aka yi wa ɗaya ba ta da amfani a teburin ɗayan.

Na uku, kuma a nan aka fi faɗawa rami, wace runduna ce tasa? A cikin Warhammer 40,000 kaɗai rundunoni sun haura 20. Mai tara Necrons ba abin da zai yi da kwalin Orks. Ko cikin rundunar tasa ma, dokar wasa ta ƙayyade yawan kowane irin rukuni da zai iya fitarwa, kowane rukuni kuma da makinsa, ana buga wasa a kan maki 1000 ko 2000. Ke nan mai yiwuwa ne ka sayo daidai rundunarsa, ya zamana yana da uku irin wannan kwali, na huɗun ba shi da gurbi.

Na huɗu, abin da ya riga ya saya bai buɗe ba. Yawancin masu wannan sha'awa suna da tulin kwalaye da ba su kai ga haɗawa ba, don saye minti biyar ne, fentin rukunin sojoji 10 kuwa yakan ci maraice da yawa. Ƙara masa kwali wani lokaci ƙara masa bashi ne.

Ga abin da za ka yi. In ka je wurinsa, ka nemi ya nuna maka rundunarsa. Ba zai zargi komai ba, masu wannan harka ba abin da suke so kamar a tambaye su. Ka saurari sunan wasan da na rundunar, ka ɗauki hoton kanta da na kwalayen da ke jiran aiki, sannan ka tambaye shi me yake hari nan gaba. Kusan kullum akwai amsa a bakinsa: wani kwamanda, wata tanka, wani dodo da ya yi masa tsada. Wannan sunan shi za ka rubuta harafi da harafi ka kai shago. In bai ambaci komai ba, ka bar sojoji, ka karanta amsar da ke biye.

Wani gargaɗi a kan littattafan doka. Warhammer 40,000 ya sake bugu a 2017, da 2020, da 2023, kuma littafin runduna na tsohon bugu yakan daina aiki a wasa. In ka ga an karya farashin irin wannan littafi sosai, ka tambayi mai shago na wane bugu ne kafin ka biya.

Tambaya: Mijin ƙawata ne mai wannan sha'awa, muna so mu haɗa kuɗi mu ba shi kyauta ba tare da ya sani ba. Ba mu san sunan wasan ba, kuma ba ma son tambaya. Akwai abin da zai yi amfani ko da wane wasa yake yi?

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma a ganinmu shi ne ma ya fi. Ku sayi abin da hannunsa ke taɓawa kullum, musamman wanda yake ƙarewa ko yake lalacewa. Da yawansu sukan zuba kuɗi a sojoji, su yi ta fama da buroshin da bakinsa ya tsage.

Buroshi shi ne kan gaba. Mafi daraja shi ne na gashin kolinski, wata 'yar dabba ta yankin Saberiya. Sunaye biyu da aka yarda da su su ne Winsor & Newton Series 7 da Raphaël 8404. Mutane sukan ɗauka cewa tun da sojan ƙarami ne, sai a nemi buroshi mafi ƙanƙanta, irin mai lamba 000. Kuskure ne. Ƙaramin buroshi ba ya riƙe ruwa, fentin yakan bushe a bakinsa kafin ya isa jikin soja. Abin da ake buƙata shi ne tsinin baki da ciki mai ɗaukar fenti, don haka ku ɗauki lamba 1 da lamba 2. A Series 7 akwai wani nau'i mai gajeren gashi da aka rubuta wa Miniature. Sunan yana ruɗin masu saye, amma yawancin masu fentin sojoji sun fi son na asalin mai dogon gashi. Ku haɗa da sabulun wanke buroshi. Abin da ke kashe buroshi shi ne fentin da ya shige gindin gashi, inda ƙarfe ya riƙe shi, ya bushe a can ya buɗe bakin. In ana wanke shi da sabulu bayan kowane zama, ba a kuma barinsa a tsaye cikin kofin ruwa, zai daɗe ƙwarai.

Na biyu shi ne farantin fenti mai danshi. Fentin da ake amfani da shi na ruwa ne, akirilik, kuma ɗigonsa a kan busasshen faranti yakan bushe cikin 'yan mintuna. Wannan faranti kwano ne mai murfi, da soso siriri a ƙasa, da takarda ta musamman a sama. Ana jiƙa soson, ruwa yana ratsa takardar a hankali, fentin ya zauna da laushinsa sa'o'i. Army Painter da Redgrass Games duk suna yi. In za ku saya, ku ƙara fakitin takardun canji, don su ne ke ƙarewa. Matsalarsa biyu: in ruwa ya yi yawa har ya hau kan takarda, fentin zai tsinke ya rabu, in kuma aka rufe shi kwanaki ba a wanke soson ba, zai yi fumfuna.

Sai filayar yanka. Sojojin roba suna zuwa ne a maƙale a firam, hannu daban, kai daban, bindiga daban, sai an yanko su. Filayar mai gyaran lantarki ba ta yin wannan aiki, tana matse robar ne har ta yi fari ta tsage. Wadda ake so ita ce mai gefe ɗaya a shafe, kamar ta Tamiya. Akwai ta GodHand mai kaifi a baki ɗaya, yankanta kamar reza, sai dai ba ta da juriya: in aka sa ta a ƙarfe ko a kaurin firam, bakin zai karye. In ita kuka zaɓa, ku tabbata yana da wata tsohuwa ta aikin wahala.

A kan gam kuwa sai an kula. Gam ɗin roba, irin su Tamiya Extra Thin mai kwalbar mililita 40, ba manne yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya. A kan roba mai tauri kaɗai yake aiki. Sojan ƙarfe ko na rezin (wani sinadari mai ruwa da ake zubawa a mazubi ya daskare) ko kallonsa ba zai yi ba, su sai sufa gulu. In ba ku san da me aka yi sojojinsa ba, ku sayi duka biyun, kuɗinsu kaɗan ne.

In kuɗin da kuka haɗa ya kai, fitilar tebur ta fi duk waɗannan. Ku nemi mai farin haske irin na rana, tsakanin 5000 zuwa 6500 a ma'aunin Kelbin, mai lambar CRI (ma'aunin yadda fitila ke nuna launi daidai) 90 ko sama, da dogon hannu mai lanƙwasawa. Ƙarƙashin jan ƙwan ɗaki launuka sukan yi ƙarya: mutum ya kwana yana haɗa kore, gari ya waye ya ga abin ya koma wani launi. Ga kuma sauƙin da take kawo wa ido.

Tambaya: Abokina yana Kano, ni kuma zan dawo daga tafiya. Ya taɓa cewa fenti ne ke ba shi wahalar samu. In sayo masa babban akwatin fenti mai kala 50, da gwangwanayen feshi?

Amsa: Gwangwanin feshi ka cire shi daga lissafi. Abu ne mai kama wuta, kamfanonin jirgin sama ba sa yarda da fentin feshi a jaka, ta hannu ko ta ƙasa. Madadinsa shi ne fentin shimfiɗa na kwalba, wanda ake shafawa da buroshi kafin a fara zuba launi. Vallejo suna yinsa a baƙi, fari da ruwan toka. Ga wanda ke Kano ma wannan ya fi masa kwanciyar hankali. Feshi yana son iska mai tsabta, ba zafi sosai, ba laima. Da hunturu ƙura za ta manne a jikin ɗanyen fenti. Da zafin bazara fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, sojan ya fito da ƙuraje kamar an barbaɗa masa yashi. Da damina kuma man kariya na ƙarshe yakan yi hazo fari a kan aikin da aka sha wahalarsa.

Babban akwati kuwa, rabin launukansa ba za a taɓa buɗe su ba. Mai runduna ɗaya launuka 8 zuwa 12 yake juyawa. Ya fi ka tambaye shi sunayen waɗanda yake amfani da su, ka sayo biyu-biyu na waɗanda suka fi ƙarewa: baƙi, fari, launin ƙarfe, launin fata, da babban launin rundunar. Kada ka manta da ruwan inuwa, wani tsinkakken fenti da ke gangarawa cikin lunguna ya fito da zanen sulke da fuska. Nuln Oil baƙi da Agrax Earthshade ruwan ƙasa, na Citadel, wato fentin Games Workshop, su ne aka fi amfani da su, kuma ba mai fentin da zai ce sun yi masa yawa.

Ka lura da mazubi. Na Citadel 'yan tukwane ne masu murfi, yawanci mililita 12, kuma in fenti ya taru a bakin murfin ba ya rufuwa da kyau, sai ya bushe. Na Vallejo da Army Painter kwalabe ne masu ɗigo, mililita 17 ko 18, iska ba ta shiga sosai. A busasshen yanayi irin na Arewa, masu ɗigon sun fi daɗewa. Wajen shiryawa, ka ƙara matse kowane murfi, ka zuba su a leda mai zif biyu, ka sa a tsakiyar tufafi cikin jakar da za a auna.

Tambaya: Ni ba na son in sayi abin da ke da siffar mutum ko dabba, amma ina son in faranta wa abokin aikina. Da abin da zan iya ba shi?

Amsa: Da yawa, kuma ba za a ga kyautarka ta gaza ba. Hukuncin siffofi fagen malamai ne, mu dai ga abin da muka sani na kaya. Duk abin da aka lissafa a amsa ta biyu ba siffa a ciki. Bayan su akwai kayan fili: rusassun gine-gine, katanga, gada, bishiyoyi, tuddai. Wasa ba ya daɗi a tebur fayau, don sojoji na buƙatar wurin fakewa, kuma mutane sukan bar sayen waɗannan sai ƙarshe. Girman kawai za ka tabbatar, na 28 ne ko na 15. Akwai shimfiɗar tebur mai zanen ƙasa, ta roba mai laushi irin ta ƙarƙashin linzamin kwamfuta. Ita ma da awonta: Warhammer 40,000 a yanzu inci 44 ne a 60, Bolt Action ƙafa 6 a 4, ƙaramin wasan Kill Team kuwa inci 22 a 30. In kuɗin kaɗan ne, ƙwayoyin lido masu fuska shida guda 20 ko 30 masu launin rundunarsa, da tire mai bango da ake jefa su ciki don kada su rushe sojoji. Ka zaɓi masu ɗigon da ake gani daga nesa. Tef ɗin awo kuma lallai ya zama mai inci, don da inci waɗannan wasanni suke awo.

Tambaya: Na ga ana sayar da irin kwalin da abokina ke so a intanet a kashi ɗaya cikin uku na farashin shago. Na kuma ga wani yana sayar da runduna guda da fentinta. Wanne ya fi?

Amsa: Na farkon, ɗan'uwa, mai yiwuwa jabu ne. Akwai masu ɗaukar sojan asali su yi masa gwaji, wato mazubin da ke ɗaukar siffarsa, su riƙa zubo kwafi da rezin mai arha. Alamominsa: ya zo a leda ba kwali, ba takardar haɗawa, jikinsa da maiƙo da warin sinadari, layin gwaji biyu maimakon ɗaya, ƙananan ramukan iska a fuska da yatsu, takubba a lanƙwashe. Wanda aka san na roba ne a firam, in ya zo a rezin, magana ta ƙare. Ban da cin haƙƙin masu sassaƙa, abokinka zai sha aikin gyara, kuma wuraren gasa na kamfanin da ya ƙera na asalin ba sa karɓar kwafi.

Rezin na gaskiya ma ba kyautar sabon shiga ba ce. Sai an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba fenti zai riƙa zamewa saboda man da aka shafa wa gwajin. Abin da ya lanƙwashe ana tsoma shi a ruwan zafi, a miƙe shi, a sa a ruwan sanyi. Ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu, don haka da jiƙaƙƙiyar samfefa ake goge shi, da takunkumi a fuska.

Runduna mai fenti kuwa ta dogara da irin mutumin. Wanda wasan ne ya dame shi zai yi murna. Wanda fentin ne jin daɗinsa, ka ɗauke masa abin da yake so ke nan. Ana iya cire tsohon fentin akirilik ta hanyar jiƙa sojan roba a sifirit mai ƙarfi, aisofurofil, na 'yan sa'o'i a goge. Asiton, wanda ke cikin man goge farce, yana narkar da roba, ƙarfe kaɗai ke jure masa. Sai dai sojan da aka haɗa da gam ɗin roba ba ya ɓallewa, don haka makamin da tsohon mai shi ya liƙa masa, da shi zai zauna.

In kun tabbata tarihi yake bi a girman 28, ku duba Perry Miniatures na tagwayen masu sassaƙa Alan da Michael Perry. Suna da jerin yaƙin Mahadi na Sudan na shekarun 1880, har da kwalin roba na mayaƙan Ansar, mabiyan Mahadin, kuma kwalayensu na roba sukan zo da sojoji da yawa a farashi mai sauƙi.

Tambaya: Kullum in zai je wasa sai ya naɗe sojojinsa a tsumma ya zuba a kwalin takalmi, yana dawowa yana liƙa hannaye. Akwai maganin wannan?

Amsa: Akwai hanya biyu. Ta farko jaka mai soso da aka yanka gida-gida. Tana da kyau ga ƙananan sojoji, amma masu dogayen masu, tutoci da fukafukai sukan maƙale a soson su karye, gogayya kuma tana cinye fenti a gefuna. Ta biyu, wadda muka fi so, ita ce ta maganaɗisu, kuma kana iya haɗa masa ita da hannunka.

Ka nemi akwatin roba mai murfi mai kamawa, zurfinsa ya wuce sojansa mafi tsayi da kamar santimita 2. Ka sa a yanko maka fallen ƙarfe siriri daidai cikin akwatin, a goge gefunansa don kada ya yanki hannu, ka manne shi a ƙasa. Ka gwada shi da maganaɗisu tun a wurin saye, don alminiyom ba ya kamawa. Sannan ka sayi ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, niyodimiyom, masu faɗin milimita 5 ko 6 da kaurin 2 don sojojin ƙasa, guda 100. Faifan da soja ke tsaye a kai yana da rami a ƙarƙashi, a nan ake liƙa maganaɗisun da sufa gulu. Dole fuskarsa ta zo daidai da bakin faifan: in ya nutse ciki ba zai kama ƙarfen da kyau ba, in ya fito waje sojan zai riƙa rawa a tebur. In ramin ya yi zurfi, a ɗora shi a kan ɗan ƙullin ƙwaɓin ifoksi, wani gam mai kama da yumɓu da ke ƙanƙarewa, a danna faifan a kan tebur har ya daidaita. Manya masu nauyi a sa musu biyu ko uku. A bar gam ya bushe kwana guda kafin a rufe akwatin, don tururin sufa gulu yana barin farin dusa a kan fenti.

Liƙa maganaɗisun ka bar masa, kai dai ka kai akwatin da kayan. In akwai yara ƙanana a gidan, ka gaya masa ya ɓoye ragowar nesa da su: yaro in ya haɗiye biyu, sukan kama juna ta bangon hanji, abin da ke kai wa ga tiyata. Kada kuma a bar akwatin a cikin mota a rana, zafi yana lanƙwasa rezin da siraran makamai.